Rasuwar Labulen Filin Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya tokare a ƙarƙashin baƙin cikin wanda ba a samo masa suna ba tukuna, Mai Hoto na kusa da mahaɗar titi, a madadin kansa da iyalinsa da dukan kayan shagonsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin kwastomomi, har da waɗanda suka koma gaishe shi daga nesa, rasuwar labulen da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto, wanda kowa ya fi sani da Filin Jirgi. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, a bakin titi, a gaban jama'a, bayan shekara ashirin da uku a bakin aiki.

Ga wanda bai san marigayin ba, zane ne mai kauri, faɗinsa ya cika bangon shago daga kusurwa zuwa kusurwa. Wani mai rubuta allunan shaguna ne ya zana shi, mutumin kirki wanda bai taɓa ganin jirgin sama ba sai daga ƙasa, yana ɗaga kai. Shi ya sa fiffiken dama ya fi na hagu tsawo, tagogin jirgin kuma suke da labule irin na ɗakin kwana. A gefen jirgin akwai dogon bene mai agogo, agogon yana kan ƙarfe huɗu da minti goma tun ranar da aka zana shi. Akwai bishiyar dabino guda biyu, da ciyawa kore shar wadda ba ta taɓa neman ruwa ba. A jikin wani bututun ƙarfe ake naɗe shi. Kullum da safe Mai Hoto zai ja igiya, marigayin ya sauko yana cewa ƙiiir, in ya iso ƙasa ya ce fap. Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma bai taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Halinsa na gari ba ya ƙirguwa, amma Mai Hoto ya nemi a ambaci kaɗan. Marigayin bai taɓa tambayar kowa fasfo ba. Ɗan dako ya tsaya a gabansa da rigar aro, shugaban makaranta ya tsaya da tasa ta kansa, duk jirgi ɗaya ya ba su. Bai taɓa cewa babu sabis ba. Bai taɓa sanƙarewa ana tsakiyar aiki ba, bai taɓa neman a sabunta shi ba, kuma fuskar da aka ba shi amana bai taɓa kwashe ta ya kai wa wasu mutane a wata ƙasa ba. Yara sun goga masa hanci. Masu man gashi sun jingina da shi har suka bar wani gajimare mai maiƙo a sararin samansa, daidai tsayin kan mutum. Duk ya shanye, bai kai ƙara ba.

Za a ce marigayin maƙaryaci ne, tunda ya kai mutane filin jirgi ba su bar unguwa ba. Mai Hoto ba ya musun haka. Abin da yake so a rubuta shi ne, ƙaryar marigayin ƙarya ce mai kunya. Duk wanda ya ga hoton ya san labule ne, ga alamar ninki nan a tsakiyar sama. Wanda aka ɗauka ya sani, wanda aka aika wa ya sani, a yi murmushi a rataye a bango. Ba a taɓa ɓata da kowa saboda shi ba, ba a taɓa kiran masana a rediyo su yi faɗa a kansa ba.

Akwai wani Direba, mai jan doguwar mota, wanda shekara goma sha shida bai fasa zuwa ba. Duk farkon shekara zai shigo, ya ɗauki tsohon akwatin da ake ajiyewa domin masu hoto, wanda babu komai a cikinsa sai tsumman goge takalmi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗan benci, ya kalli nesa. Mai Hoto yakan ce, "Ina aka nufa bana?" Shi kuma ya ce, "Inda aka je bara." Su yi dariya, a ɗauka. Irin mutanen da marigayin ya yi zamani da su ke nan.

Ciwon ajalinsa ya fara ne wata goma sha ɗaya da suka wuce, kuma daga tsallaken titi ya zo.

Matar Mai Hoto tana da ƙane, ana ce masa Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya ba kansa, ranar da ya gyara fanka ta koma juyawa da baya. Shekara huɗu ya yi a shagon nan kafin ya tafi neman na kansa. Mai Hoto ne ya koya masa riƙe fitila, shi ya koya masa magana da kwastoma, a gidansa kuma yake cin abinci. Wata safiya sai ga Injiniya ya dawo, ya kafa babbar lema daidai saitin ƙofar shago, ya ajiye tebur, waya guda, da ɗan injin buga hoto da bai fi burodi girma ba. A cikin wayar akwai abin nan da 'yan rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira, Mai Hoto kuma yake kira aljanar waya. Mutum zai tsaya a rana da silifas, a ƙyasta shi sau ɗaya, kafin ya gama goge gumi ga shi a bakin teku, ko a ofis mai kujera mai juyawa, ko rungume da zaki.

Ana so a bayyana a nan, saboda maganganun da ake yi, cewa Mai Hoto bai taɓa sa wa teburin Injiniya ido ba. Kujerarsa da ya mayar bakin ƙofa, saboda iska ne. Da ya san mutum goma sha tara suka yi layi a can ranar Talatar farko, ashirin da shida ranar Laraba, sana'a ce kawai, idon mai hoto ba ya iya ƙin gani. Kullum da safe Injiniya yakan ɗaga hannu ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Kullum kuma a daidai lokacin Mai Hoto yakan tarar da wani abu a ƙasa da yake buƙatar dubawa.

Ciwon ya shiga jikin marigayin sau uku, kuma iyali sun ga ya dace a faɗe su a jere.

Na farko, da sabuwar shekara ta kama. Direba ya sauko daga motarsa, Mai Hoto har ya miƙe ya kakkaɓe akwati. Direba ya ɗaga masa hannu, ya tsallaka titi. Bayan minti goma ya dawo, baki har kunne, ya miƙo takarda. Ga shi nan a cikin jirgi, ba a gabansa ba, a kujerar matuƙi, da hula mai tambari, gajimare na wucewa ta taga.

Mai Hoto ya daɗe yana dubawa, irin dubawar da likita ke yi wa hoton ƙashi. Can ya samu.

"Yatsunka shida a hannun dama."

Direba ya karɓa ya ƙirga. "Haka ne kuwa. To ai ka ga yawan maɓallan da ke gabana. Biyar ba za su isa ba."

"Shekara goma sha shida ina ba ka yatsu biyar-biyar. Ban taɓa ƙara maka ba, ban taɓa rage maka ba."

"Gaskiya ne, Mai Hoto. Amma shekara goma sha shidan nan a ƙasa kake bari na. Ko sau ɗaya ba ka ce in shiga ba."

Ranar, da aka zo naɗe marigayin da yamma, ƙiiir ɗinsa ya fito da wata shaƙewa da ba a taɓa ji ba.

A lokacin ne kuma duniya ta rikice da gardamar hoto. Bencin ƙofar shago, inda aka saba musun ƙwallo da tsadar kaya, ya koma kotu. Yau a nuna hoton gadar da aka ce an gama, rabin benci ya ce ga aiki, rabi ya ce na'ura ce ta gina ta. Gobe a nuna wani babban mutum yana tiƙar rawa, jibi kada a tsakiyar kasuwa. A rediyo masana suna ta sa-in-sa a kan ko a hana ko a bari. Mai Hoto yana da ra'ayi mai ƙarfi, wato a hana, a kuma fara daga tsallaken titi. Sai dai ba a tambaye shi ba. Duk hoton da aka yi shakka a kansa, Injiniya ake kai wa ya duba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana wanke hoto yana zaune, ana wuce shi ana tafiya wurin wanda ya koya wa riƙe fitila.

Na biyu, damina ce ta kawo shi, kuma da farko Mai Hoto ya ɗauka ranarsa ce ta zo. Wata safiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanar titin ta toshe, ruwa ya kai gwiwa. Ya naɗe wando, ya ɗaga kyamara sama da kai, ya shiga. Kusan awa guda yana tsaye a cikin ruwan yana jiran haske. Ya samu abin da yake jira: wata tsohuwa a kan baro ana tura ta, riƙe da lema, akuya tsaye a kan rufin ƙaramar mota tana kallonta, rana ta ɗan keto ta bayan gajimare. Shi da kansa ya san bai taɓa ɗaukar irinsa ba. Matarsa ta sa masa shi a guruf ɗin unguwa na waya, ko waɗanda abin ya shafa za su gani su zo su buɗe magudana.

Kafin azahar hoton ya zaga gari. Kafin la'asar an yanke hukunci, wai na bogi ne. Wai hasken ya yi kyau da yawa. Wai akuya ba ta tsayawa haka. Mutanen da takalmansu ba su bushe ba tukuna daga ruwan nan, su ne suke rubuta cewa a daina yaudarar jama'a. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya kwantar da Mai Hoto kwana biyu, ba sanyin ruwan ba ne. Ganin mutane ne suna tsallaka titi suna miƙa wa Injiniya hannu suna cewa, "Kai, wannan karon ka yi bajinta, akuyar nan kamar ta gaske!" Injiniya, a faɗi gaskiya ko da babu daɗi, ya yi ta rantsuwa cewa ba shi ba ne, aikin Yayansa ne. Aka ce ga fasaha ga tawali'u. Layinsa ya ƙara tsawo. Magudanar kuwa tana nan yadda take.

Na uku shi ne wanda ba a so a faɗa, amma matar Mai Hoto ta ce in ba a rubuta shi ba, ita za ta faɗa wa masu ta'aziyya da bakinta.

Wata rana ta kawo masa abincin rana shago, ta ajiye wayarta a kan tebur, ta fita wanke hannu. Wayar ta yi haske. A fuskar wayar ga matarsa tsaye a cikin dusar ƙanƙara, da doguwar riga mai gashi a wuya, tana dariya irin wadda ya daɗe bai gani ba. Kusa da ita wani mutum ne, hannunsa a kafaɗarta. Dogo, suma baƙa ƙirin a cike, ciki a shafe, kwat ta zauna masa.

Da ta dawo ta tarar bai taɓa abincin ba.

"Wane ne wannan?"

Ta leƙa. "Kai ne mana, Baban yara."

"Ni?"

"Dubi kunnen. Ɗan gyara kawai ya yi maka."

Ya dubi kunnen. Nasa ne babu shakka, har da ɗan tabon da ya samu tun yana ƙarami. Sauran mutumin kuwa bai san shi ba, kuma nan take ya tsane shi.

"Tun yaushe yake cikin wayarki?"

"Wata biyu. Haba, kishi za ka yi da kanka?"

"Ni ba kishi nake ba. Tambaya nake, me hannunsa yake yi a kafaɗarki a bainar jama'a."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, wato ta dafa marigayin. Shi bai yi ba. A gaban labulen nan ya fara ganinta, shekara ashirin da biyu baya, ranar da ta zo da ƙawayenta hoton gama makaranta, ya yi ta cewa fim bai ɗauka ba don ta sake tsayawa. Wancan hoton yana ɗaki, ya koɗe, kalanda ta rufe rabinsa. Wannan kuwa yana tafin hannunta, tana duba shi sau ɗari a yini.

Washegari ya yanke shawarar a yi wa marigayin aiki. Wanda ya zana shi ya daɗe da barin duniya, sai aka samo mai fentin motoci. Mai fenti ya shafa zanen, ya girgiza kai, ya ce tsoho ne, zarensa ya gaji, ba zai ɗauki fenti mai nauyi ba. Mai Hoto ya ce bai kira shi neman shawara ba.

Aka rufe shago kwana tara. Aka ƙara jirgi na biyu, da mai saukar ungulu, da doguwar jar mota, da dutse mai dusar ƙanƙara a bayan bishiyoyin dabino. Aka buɗe ƙofar jirgin farko aka zana mata matakala, domin kada wani ya sake cewa an bar shi a ƙasa. Kowace safiya Mai Hoto zai leƙa ta jikin ƙofa, ya ga sabon hoton da aka liƙa a allon tallan Injiniya, ya dawo ya ce a ƙara. Rana ta takwas mai fenti ya ce babu sauran wuri sai a kan ciyawa. Aka sa jirgin ruwa a kan ciyawa. Da aka naɗe marigayin, sai da mutum uku suka taru kafin bututun ya ɗagu, shi da a da Mai Hoto ke ɗauka da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kofin shayi.

Ranar Asabar aka kafa sanduna biyu a bakin titi, aka ɗora bututun a kai, fuskar labulen tana kallon lemar Injiniya. Mai Hoto ya ce saboda haske ne. Jama'a suka taru, domin an kwana tara ana shaƙar warin fenti ana tambaya. Matarsa ta zo da sabon mayafi. Direba ya zo, ya shiga shago ya ɗauko akwati da kansa ba tare da an ce masa ba, Mai Hoto kuma ya gani. Har layin Injiniya ya watse ya tsallako, Injiniya na biye da su yana murmushi. Wata goma sha ɗaya Mai Hoto yana jiran ranar da zai ga lemar nan babu kowa a ƙarƙashinta. Ya tsaya ya kalle ta sosai, ya ƙoshi. Sannan ya ja igiya.

Marigayin ya ce ƙiiir, a hankali, kamar tsoho mai saukowa daga bene. Ciyawa ta fara bayyana da jirgin ruwanta. Aka yi dariya, aka yi tafi. Jar mota ta fito, matakala ta fito, cikin jirgi ya fito. Ana jiran fap. Bai zo ba. Abin da ya zo shi ne ɓarrr, mai tsawo, tun daga sama har ƙasa. Zanen ya rabe biyu ta tsakiyar jirgin farko, kai ya yi dama, wutsiya ta yi hagu. Busasshen farin fenti ya tashi sama, ya yi ta zubowa a kan sanƙon Mai Hoto da kafaɗunsa, yana tsaye da igiya a hannu. Dusar ƙanƙarar da ya nema ta sauka, a kansa shi kaɗai.

Wayoyi kusan talatin suna sama, babu wadda aka sauke.

Wanda ya fara motsi Injiniya ne. Ya sa wayarsa a aljihu, ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa, ya tattaro ɓangaren wutsiyar kafin wani mai babur ya bi ta kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Yaya, shekara huɗu ina share ƙarƙashinsa," ya ce. "Me ya sa ba ka bar shi yadda yake ba?"

Mai Hoto ya so ya ce saboda kai. Ya buɗe baki, ɓawon fenti ya faɗa ciki. Suka ɗauki marigayin su biyu, kowa da rabinsa, suka shigar da shi shago. Matar Mai Hoto ta biyo su, ta ja ƙofa, ta cire sabon mayafin ta goge masa kai da shi. Da yamma ya lura mutumin nan mai suma ya bar fuskar wayarta. Kyanwar gida ta sa a wurin. Mai Hoto bai tambaya ba, ya karɓi hakan a matsayin sulhu.

Bidiyon rasuwar ya zaga gari fiye da hoton ambaliya. A wannan karon ma an yi gardama, wasu suka ce haɗi ne. Sai Injiniya ya fito ya ba da shaida cewa na gaske ne, ya ce babu na'urar da za ta iya ƙirƙiro irin kallon da Yayansa ya yi wa igiyar nan. Aka yarda nan take. Don haka abu na farko da duniya ta gaskata daga shagon Mai Hoto bana shi ne ranar da ya fi jin kunya a rayuwarsa, shi ma sai da wancan ya sa baki.

Tun daga ranar masu ta'aziyya ba su yanke ba, kowa da tsohon hotonsa a hannu. Ashe rabin garin nan ya bi ta filin jirgin. Wata dattijuwa ta kawo na mijinta da ya rasu, ta ce shi kaɗai ne hoton da ya yi dariya a ciki. Mai Hoto ya ji daɗi kwana biyu. A na uku ya hango layi a tsallaken titi wanda bai taɓa ganin irinsa ba. Matasa ne, waɗanda ba su taɓa taka shagonsa ba, suna cewa a sa su a gaban labulen nan na bidiyo, amma na asali, mai karkataccen fiffike. Wai shi ake yayi. Daga tsofaffin hotunan da mutane suka fito da su, aljanar waya ta sake haɗa marigayin tsaf, har da gajimaren man gashi, har da alamar ninki. Wato marigayin ya samu aiki a tsallaken titi, kuma a kwana uku ya ɗauki mutanen da bai gani ba a shekara guda a gida. Mai Hoto ya rasa da wa zai yi fushi. Ya yi kishi da ƙanin matarsa, ya yi da waya, ya yi da kansa mai suma. Bai taɓa zaton zai yi da mamaci ba.

Injiniya ya zo har shago, ya zauna a kan ɗan benci, ya ce ya dakatar, ba zai ci gaba ba sai da izini. Ya ƙara da cewa, "Yaya, na'urar nan ta iya bango, ba ta iya mutum ba. Ba ta san yadda ake sa tsoho ya saki fuska ba. Ka riƙa ɗaukarsu a nan, ni in sa musu labulen a can."

Mai Hoto ya ce ana cikin makoki, ba a maganar aiki. Bai dai ce a'a ba, kuma da rana an gan shi yana goge fitilu.

Marigayin ya rasu ya bar akwati ɗaya, ɗan benci mai ƙafa uku da rabi, tukunyar furen roba, wayar tarho ta ado da ba ta taɓa ƙara ba, da fitilu biyu, ɗaya tana ƙiftawa tun ranar da abin ya faru. Ya bar bututun ƙarfe, ya bar igiya, wadda iyali suka tabbatar babu laifinta a ciki. Ya bar 'ya'ya da jikoki dubbai a bangon ɗakuna da ƙasan akwatunan tufafi. Ya kuma bar wani mai kama da shi a tsallaken titi, wanda har yanzu ba a yanke shawarar ko ɗan gida ne ba.

Game da hoton da ke saman wannan sanarwa, akwai bayani. Da aka zo bugawa, aka nemi hoton Mai Hoto tare da marigayin. Aka zazzage kwalaye, aka duba durowa, aka tambayi dangi. Ga mutane nan iri-iri, babu shi ko a ɗaya. Shekara ashirin da ukun da suka yi tare yana bayan kyamara, bai taɓa zagayowa ya tsaya ba. Ya zauna da kwalayen a gabansa har shayinsa ya huce. Ranar Laraba da hantsi ya sa hularsa, ya duba hagu ya duba dama, ya tsallaka titi. Ya bi layi kamar kowa, ya ƙi yarda a shigar da shi gaba. Da aka zo kansa, ya cire hular ya riƙe a hannu.

"Ka sa ni a gaban marigayin, amma yadda nake za ka bar ni," ya ce wa Injiniya.

"To, Yaya. Ɗan ɗago haɓa."

"Ni na koya maka wannan."

"Shi ya sa na faɗa. Ɗago."

Ya ɗago.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, a shago. Za a ninke marigayin fuska a ciki, ɓangarorinsa biyu a haɗe, a sa shi a kwalin tsohon firji, a ɗora a saman kabad, inda ɓera ba ya kai. Maƙwabciyar da ta nemi a ba ta ɓangare ɗaya ta rufe akurkin kaji, ana ba ta haƙuri, ana kuma roƙonta kada ta sake aikowa. An gayyaci mai fenti bisa sharaɗin ba zai buɗe baki ba. Za a ajiye kwando a bakin ƙofa, kowa ya sa wayarsa a ciki kafin ya shigo, ya ɗauka in zai fita. Bayan an kammala, Mai Hoto zai ɗauki mahalarta hoto ɗaya a gaban bangon da babu komai a jikinsa. Abin da kowa zai yi da nasa daga baya, tsakaninsa ne da tsallaken titi, ba sai an sanar da iyali ba.

Za a ci gaba da karɓar ta'aziyya a kan bencin ƙofar shago har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa su tuna marigayin da alheri, su yi wa Mai Hoto fatan haƙuri da sanyin zuciya. Wanda kuma ya dubi hoton da ke saman takardar nan ya ga ya yi kyau, don Allah ya bar abin a ransa, aƙalla har a tashi daga makoki.